Inda Dutse Ya Haɗu da Yashi: Labarin Ƙasa, Tarihi da Garuruwan Tsakiyar Jigawa

Gabatarwa

Idan mai karatu ya ɗauki taswirar duniya irin wadda ake nuna yawan jama'a da ɗige-ɗige, abu na farko da zai lura da shi shi ne ɗigon ya fi yin cunkoso a bakin teku. Ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne kusan kashi 40 cikin ɗari na mutanen duniya suna zaune ne a cikin tazarar kilomita 100 daga gaɓar teku. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A bakin teku akwai kifi, akwai tashoshin jiragen ruwa da ciniki, kuma galibi ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai samun ruwan sama. Haka Legas ta cika ta batse, haka Iskandariya a Masar, haka Mumbai a Indiya.

To amma a taswirar Afirka ta Yamma akwai wani cunkoson da ya saɓa wa wannan ƙa'ida, wato na ƙasar Kano da kewayenta, wanda ya miƙa gabas har cikin tsakiyar Jihar Jigawa. Daga Kiyawa zuwa teku mafi kusa ya haura kilomita 750. Hasali ma, ruwan saman da ya zubo daga indararon wani gida a Kiyawa ba zai taɓa isa teku ba, domin duk kogunan yankin Tafkin Chadi suka nufa, shi kuwa tafkin ba shi da mafita. Me ya tara mutane a nan? Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa tsakiyar Jigawa ita ma gaɓa ce, sai dai ta wani iri: a nan ne tsohon dutse ya ƙare, yashi ya soma. Wannan haɗuwa ita ta tsara inda ruwa yake, inda garuruwa suka kafu, da kuma irin haɗarin da ke fuskantar jama'ar yankin a yau.

Yankin da Jama'arsa

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka sa hedikwatarta a Dutse. Faɗin jihar ya kai murabba'in kilomita 23,000 da ɗoriya, tana da ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar: Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim. Yankin da muke magana a kansa ya yi daidai da Masarautar Dutse, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi bakwai, wato Dutse, Kiyawa, Jahun, Miga, Birnin Kudu, Buji da Gwaram.

Ƙidayar jama'a ta 1991 ta samu kimanin mutum miliyan 2.9 a jihar, ta 2006 kuwa ta samu sama da miliyan 4.3. Daga cikin wannan adadi, ƙananan hukumomin nan bakwai suna da kusan miliyan ɗaya da rabi, wato sulusin jihar ke nan. Ƙaramar Hukumar Kiyawa kaɗai tana da mutum kimanin 173,000 a kan fili mai murabba'in kilomita 1,030. Idan aka raba, kowane murabba'in kilomita yana ɗauke da mutum wajen 168, kuma mafi yawansu daga ƙasar da suke tsaye a kanta suke samun abincinsu. Ana samun ruwan sama ne a watanni huɗu zuwa biyar kacal, kuma a faɗin jihar yakan kama daga wajen milimita 600 a shekara a arewa zuwa wajen 1,000 a kudu.

Duwatsun da Suka Taɓa Aman Wuta

Matafiyin da ya taso daga Kano ta Wudil zai yi tafiya mai nisa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sai kwatsam ya ga duwatsu sun taso masa kamar an jibge su da hannu. Daga nan garin Dutse ya samo sunansa. A ƙarƙashin ƙasar kudu da yammacin yankin akwai wani ƙaƙƙarfan tsohon dutse wanda shekarunsa suka haura miliyan 500, shi ne harsashin da mafi yawan Arewacin Nijeriya ke zaune a kai. Duwatsun Dutse da na Birnin Kudu da na Shira a Jihar Bauci ba su kai shi tsufa ba. Masana ilmin duwatsu sun nuna cewa saiwoyi ne na tsaunuka masu aman wuta. Narkakken dutse ne ya kutso daga cikin ƙasa, wani ya fito waje, wani ya daskare a ƙarƙashi. Iska da ruwa suka cinye saman tsaunukan a cikin miliyoyin shekaru, abin da ya daskare a ciki shi ne muke gani yanzu.

Irin waɗannan duwatsu sun yi jeri daga tsaunukan Azbin a Jamhuriyar Nijar, ta Damagaram, ta Jos, har zuwa Afu a Jihar Nasarawa, kuma shekarunsu suna raguwa daga arewa zuwa kudu. Awon da aka yi ya ba dutsen Dutse kimanin shekara miliyan 213, na Afu kuwa miliyan 141. Wato dutsen da yara ke hawa a Dutse yana cikin mafiya tsufa na wannan jeri a Nijeriya.

Hamadar da Ta Yi Barci

Da zarar an bar Dutse aka nufi Kiyawa ko Jahun, sai duwatsun su soma raguwa, ƙasa ta koma tudu da gangare, tudu da gangare, a hankali. Harsashin dutsen nan bai ɓace ba, nutsewa ya yi ƙarƙashin shimfiɗun yashi da yumɓu waɗanda koguna da tafkuna suka tara a kwarin Chadi, kuma kaurinsu yana ƙaruwa yayin da aka nausa arewa maso gabas. A saman waɗannan shimfiɗu ne tuddan rairayi suke, waɗanda Bahaushe ke kira jigawa, sunan da jihar ta ɗauka.

A shekarar 1958 wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, A. T. Grove, ya bayyana cewa waɗannan tuddai ragowar tsohuwar hamada ne. Hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama sun nuna su a jere, dogaye, suna kwance daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, daidai hanyar da iskar hunturu ke bi har gobe. Sun samu ne a wani zamani na matsanancin fari, kimanin shekara 20,000 zuwa 12,000 da suka wuce, lokacin da Sahara ta sauko kudu da inda take a yau da ɗaruruwan kilomita.

Bayan wannan sai zamani ya juya, ruwa ya yawaita. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya kumbura har ya kai murabba'in kilomita wajen 350,000, alhali a shekarun 1960 bai wuce 25,000 ba. Tsohuwar gaɓarsa tana nan, ita ce doguwar gangar yashin da ta ratsa ta Maiduguri da Bama. Ruwan bai iso Kiyawa ba, domin ta fi shi tudu, amma kogunan yankinmu ne suke cikin masu ciyar da shi. Kwalekwalen da aka gano a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987, mai tsawon sama da mita 8 da shekaru wajen 8,000, shaida ne na wancan zamani. A irin wannan yanayi na danshi ne ciyawa da itatuwa suka rufe tuddan rairayin, saiwoyinsu suka ɗaure su. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: tuddan ba su koma dutse ba, yashi ne har yanzu, tsirrai ne kawai suka hana shi motsi.

Inda Ruwa Yake

Akwai wani ɗan gwaji da nakan sa ɗalibai su yi, wanda kowa zai iya yi a gida. A samu gwangwani biyu a huda gindinsu, a cika ɗaya da yashin jigawa, ɗayan da laka ta fadama, a zuba wa kowanne kofi guda na ruwa. Na yashin zai zubar da ruwansa nan da nan, na lakar kuwa zai riƙe shi tsawon lokaci. Wannan shi ne sirrin yankin baki ɗaya. Ruwan saman da ya sauka a kan dutse ba ya shiga, gangarowa yake yi ya taru a gindin dutsen. Wanda ya sauka a kan jigawa kuwa nutsewa yake yi da sauri, ya tsira daga zafin rana, har sai ya tarar da shimfiɗar yumɓu ko dutse ta tare shi. Daga nan sai ya bi ƙarƙashin ƙasa a hankali ya ɓullo a kwarin da ke tsakanin tuddai biyu. Wannan kwari shi ne fadama.

Saboda haka manomin wannan yanki yana da gona iri biyu kusa da juna. A jigawa yana shuka gero da wake da gyaɗa da riɗi, ga ƙasa mai sauƙin huɗa. A fadama yana shuka shinkafa da damina, da rani kuma ya yi lambu da ruwan rijiya marar zurfi. Manyan kogunan ma haka suke yi. Kogin Haɗeja, wanda ya samu daga haɗuwar Kogin Kano da na Chalawa, yana tara ruwa ne muddin yana kan dutse. Da ya wuce Wudil ya hau kan yashi sai ya soma rarrabuwa yana tsiyayewa cikin ƙasa. A wajen Miga ne reshen Kafin Hausa ya rabu da shi. Ta kudu kuma akwai Kogin Iggi, wanda ruwansa ke ƙarewa a Kogin Jama'are. Abin da kogi ya rasa, rijiyoyi ne suke samu.

Bishiyar dabino ita ce babbar mai ba da shaida. Tana son zafi da busasshiyar iska a samanta, amma sai saiwarta ta taɓa ruwa. Duk inda aka ga dabino ya yi kurmi, kamar a kewayen Dutse da Shuwarin, to ruwa yana kusa. Wannan ne ya sa cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, wadda aka fi sani da NIFOR, ta kafa reshenta na binciken dabino a Dutse.

Abin da Tarihi Ya Nuna

Mafi tsufan shaidar zaman mutane a yankin tana jikin duwatsun Birnin Kudu. A tsakiyar shekarun 1950 masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarin zane-zanen da ke kogunan Dutsen Habude da Dutsen Mesa da wasunsu, tare da wasu duwatsu masu ƙara kamar kuge idan an buga su. Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin halittu shi ne shanun da aka zana ba su da tozo. Shanun da muke gani yau a hannun Fulani, irin su Bunaji da Rahaji, masu tozo ne, kuma asalinsu daga nahiyar Asiya yake. Marasa tozo sun riga su zama a Afirka ta Yamma, ragowarsu su ne Muturu na kudu, masu jure cutar sammore, da Kuri na Tafkin Chadi. Ke nan masu zanen makiyaya ne da suka zauna a nan tun kafin shanu masu tozo su mamaye ƙasar.

Labarin baka ya ce wani maharbi mai suna Duna Magu ne ya fara zama a gindin dutsen Dutse, kuma saboda yawan gada a wurin ake kiran garin Dutse Gadawur. Wanda ya nemi gada a wurin yau zai sha wahala, wannan ma darasi ne. A rubuce kuwa, littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Sarkin Dutse tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, ya kuma auri 'yar Sarkin Dutse. Sarki ba ya neman surukuta da ƙaramin gari. Dutse tana kan hanyar Kano zuwa Barno, tana da ruwa, tana da mafaka. Ƙarfinta ya kai har Sarkin Kano Kumbari, mai mulki daga 1731 zuwa 1743, ya fita da kansa ya kai mata yaƙi.

A zamanin jihadi, wajen 1807, Fulani ƙarƙashin Salihi da Musa suka karɓi garin, sarautar ta koma hannun zuriyar Jalligawa da Yalligawa a ƙarƙashin Sarkin Kano. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 garuruwan Dutse da Birnin Kudu da Gwaram sun zama garkuwar Kano daga hare-haren Ningi, abin da ya sa jama'a suka riƙa tattaruwa a cikin ganuwa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 aka mai da yankin gundumomi a hannun hakimai. Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga Dutse zuwa masarauta a 1981, aka soke a 1983, sannan ta tabbata bayan kafa jihar a 1991. Sarki Nuhu Muhammad Sanusi ya riƙe ta daga 1995 har rasuwarsa a 2023, ɗansa Hamim ya gaje shi.

Garuruwan Yankin

Idan aka dubi inda garuruwan suke, za a ga kowanne ya zaɓi ɗaya daga cikin abu biyu, ko gindin dutse ko bakin fadama. Tsohuwar Dutse, wato Garu inda fadar sarki take, tana cikin duwatsu. Sabuwar Dutse ta ma'aikatu da rukunin gidaje ta bazu ne a filin da ke ƙasa tun daga 1991, ta samu Jami'ar Tarayya a 2011 da filin jirgin sama a 2014. Birnin Kudu ita ma garin dutse ce, ta yi suna da tsohuwar kwalejin gwamnati da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, kuma a ƙidayar 2006 ƙaramar hukumarta ta fi ta Dutse yawan jama'a. Jahun da Miga garuruwan jigawa da fadama ne, masu kallon kwarin Haɗeja. A asibitin Jahun ne ƙungiyar likitocin nan ta MSF ke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008.

Kiyawa tana tsakiya. Tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, tsakanin Dutse da Jama'are, tare da garuruwanta irin su Andaza da Katanga da Balago da Shuwarin. Kasuwar Shuwarin ta mako-mako, kamar ta Sara a ƙasar Gwaram, wuri ne da amfanin jigawa da na fadama ke haɗuwa: hatsi, riɗi, zoɓo, dabino da dabbobi. Abin da tashar jirgin ruwa take ga garin bakin teku, shi ne irin wannan kasuwa take ga yankin.

Yadda Yashi Ke Ciyar da Jama'a

Yashin jigawa ba shi da ƙarfi a karan kansa. Yaya aka yi yake ciyar da wannan taro shekara da shekaru ba tare da an bar gona ta huta ba? Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano tun daga shekarun 1960, ya nuna cewa amsar tana cikin yadda manomi ya haɗa shuka da dabba da bishiya. Tumaki da awaki suna cin harawa da karmami, takinsu ya koma gona a kan jaki ko amalanke. Wake da gyaɗa suna da wasu 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsu, inda bakteriya ke zaune suna kamo sinadarin naitirojin daga iska suna mai da shi abincin shuka. Gawo ma dangin wake ne, kuma yana da wata ɗabi'a ta daban: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Don haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabba ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Kuka da ɗorawa da tsamiya da kanya kuwa, bayan miya da daddawa, suna karya ƙarfin iska. Gonar Bahaushe mai itatuwa jefi-jefi tsari ne da aka gina da gangan.

Inda Gizo Ke Saƙar

Daga 1991 zuwa 2006 jama'ar jihar sun ƙaru da kimanin kashi 2.8 cikin ɗari a kowace shekara. A irin wannan tafiya, adadi yana ninkawa a cikin shekara 25. A 2006 kowane mutum a ƙasar Kiyawa yana da kimanin kashi shida cikin goma na hekta ɗaya, har da duwatsu da hanyoyi da gidaje a cikin lissafin. Idan ƙaruwar ta ci gaba haka, kafin 2031 rabonsa zai koma rabin wannan. Gonar gado tana ƙara tsagewa, burtali da makiyaya suna shigewa cikin gonaki, kuma kowane sabon gida murhu ne mai neman itace.

Haɗari na farko yana kan tudu. Idan aka sare itatuwa aka kwashe karan gona ƙaf, iskar bazara takan ɗebe ƙasar sama mai taki, ta kuma binne ƙananan shuka. Waɗanda suka ga farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun san yadda jigawa take idan ta tsiraita. Sau da yawa mukan ce hamada tana tahowa daga arewa, alhali tsohuwar hamadar tana ƙarƙashin ƙafafunmu.

Haɗari na biyu yana cikin kwari. Fadama hanyar ruwa ce. A shekarun fari mutane sun ga ta bushe, suka yanka filaye suka yi gini a cikinta, hanyoyin mota kuma suka ratsa ta da ƙananan kwalbatoci waɗanda yashi da leda ke toshewa. Da ruwa mai yawa ya dawo sai ya nemi tsohuwar hanyarsa. An yi mummunar ambaliya a jihar a 2020, a 2022 hukumomi suka ce sama da mutum ɗari sun rasu, aka sake yin wata a 2024. Gidan ƙasa ba sai igiyar ruwa ta buge shi ba, jiƙewar gindinsa kaɗai ta isa ta kayar da shi. Ruwan da ya kwanta kuma gidan sauro ne da katantanwar da ke yaɗa cutar tsargiya. A kwarin Haɗeja, tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Chalawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa da rani a wasu rassa, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero.

Kammalawa

Maganin waɗannan matsaloli ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun gwada abin da suke kira sassaben zamani tun daga shekarun 1980, wato manomi ya bar tohon da ya fito daga kututture a gonarsa, ya rage rassan ya bar biyu ko uku su girma. Da wannan dabara aka mai da itatuwa a kan fili mai kimanin hekta miliyan 5, a wuraren da ba su kai Kiyawa samun ruwa ba. Jigawa tana cikin jihohi 11 na shirin kafa gandun itatuwa don tare hamada, amma itacen da ya fi rayuwa shi ne wanda mai gona ya san nasa ne.

Game da ambaliya kuwa, dattawan kowane ƙauye sun san inda ruwa ya saba bi a shekarun 1950 da 1960. Ya dace ɗalibanmu na labarin ƙasa da ilmin halittu su zauna da su, su haɗa abin da suka faɗa da hotunan tauraron ɗan Adam, a fitar da taswirar fadamun kowace ƙaramar hukuma, a miƙa wa hakimai da dagatai da masu yanka filaye. Mutanen bakin teku sun daɗe da koyon cewa akwai iyakar da ba a ƙetarewa da gini. Mu ma muna da tamu iyakar, a kan tudu da cikin kwari, kuma 'ya'yan da za su gaji rabin abin da muka gada suna da haƙƙin mu bar musu ita a shate. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.